Famfon Inji Don Taimakon Zuciyar da Aka Haifa da Nakasa

A cikin kowane jarirai dubu da aka haifa da rai, kimanin takwas ko tara suna zuwa duniya da wata nakasa a ginin zuciyarsu. Ta wasunsu ƙarama ce, ɗan huji ne wanda yakan toshe da kansa kafin yaro ya isa shiga makaranta. Amma kimanin ɗaya cikin huɗu suna bukatar aikin likita tun cikin shekararsu ta farko, in ba haka ba rayuwarsu tana cikin haɗari. A ƙasashen da fiɗar zuciya ta kafu sosai, kusan tara cikin goma na waɗannan yara suna kaiwa ga girma, har ma a lardin Kwibek na Kanada an ƙirga a 2010 an tarar kashi biyu cikin uku na masu wannan nakasa manya ne.

Gyara dai ba ya mai da zuciya sabuwa. Zuciyar da aka yi wa ɗinki da faci tun mai ita yana jariri tana iya yin aiki shekara goma ko talatin, sa'an nan ta soma gazawa. Wata kuma tun a kan teburin fiɗa take ƙin tashi bayan an gama aiki. Idan magani ya kai iyakarsa, abin da ya rage shi ne dashen wata zuciya, ita kuwa ba a samunta ranar da ake bukata. A wannan tsakani ne ake sa famfon inji ya karɓi aikin tura jini, ko duka ko wani sashe. Abin da za a duba a nan shi ne yadda waɗannan famfuna suke aiki, da dalilin da ya sa masu nakasar haihuwa, waɗanda a kansu aka fara gwada injin zuciya, suka zama na ƙarshe wajen cin moriyarsa.

Ginin zuciya

Zuciya famfo biyu ce a cikin jaka ɗaya. Kowane ɓangare yana da zaure, inda jini ke sauka, da ɗaki mai naman bango, wanda ke buga shi waje. Tsakaninsu kuma akwai ƙyaure wanda ba ya buɗewa sai ta fuska ɗaya. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki, ya tura shi huhu ya ɗebo iskar oksijin. Tafiyar gajeriya ce, hanyar kuma ba ta da tauri, saboda haka bangon ɗakin dama siriri ne. Ɓangaren hagu shi ke karɓar jinin daga huhu, ya buga shi cikin babbar jijiya zuwa ko'ina, daga ƙwaƙwalwa har yatsun ƙafa, da ƙarfin da ya ninka na dama kamar sau biyar. A jikin babban mutum yana hutawa, kowane ɓangare yana tura kimanin lita 5 a minti ɗaya. Duk famfon da aka ƙera domin manya, a kan wannan tsari aka ƙera shi: ana ɗauka cewa ɗakuna biyu ne, bangon da ya raba su ba shi da huji, kuma na hagu ne ya gaji. A riƙe wannan zance, domin a nan gizo yake saƙa.

Daga minti zuwa mako

John Gibbon, wani likitan fiɗa a Amurka, ya shafe fiye da shekara ashirin yana ƙoƙarin ƙera injin da zai tsaya a madadin zuciya da huhu na ɗan lokaci. Ranar 6 ga Mayu 1953, a birnin Filadelfiya, ya rufe huji a tsakanin zaurukan zuciyar wata budurwa mai shekara 18, injin yana riƙe da ranta har minti 26. Ta warke. Sauran marasa lafiya uku da ya gwada wa injin kuwa duk sun mutu, har ya bar wannan aiki bai sake komawa gare shi ba. A shekara ta gaba Walton Lillehei na Jami'ar Minesota ya bi wata hanya mai ban tsoro: sai ya haɗa jijiyoyin yaro da na ubansa ko uwarsa da tiyo, huhun babban ya riƙa yi wa yaron numfashi yayin da ake ɗinke zuciyarsa. Mutum 45 aka yi wa haka tsakanin 1954 da 1955, 28 suka fita asibiti da rai. An bar wannan dabara da zarar injin ya inganta, tun da aiki ne da zai iya cin rai biyu a madadin ɗaya.

Injin ɗakin fiɗa na 'yan sa'o'i ne kawai, domin a irin na farko jini yana cuɗanya da iska kai tsaye, wannan kuwa yana lalata ƙwayoyinsa. Da aka sami wani siririn tantani wanda iska ke ratsawa amma jini ba ya ratsawa, sai aka iya tsawaita aikin zuwa kwanaki. Wannan shi ne injin da ake kira ECMO. A 1972 Robert Bartlett da abokan aikinsa a Kalifoniya suka riƙe wani yaro ɗan shekara biyu da shi har awa 36, bayan zuciyarsa ta gaza a ƙarshen wani aikin gyaran nakasa, kuma ya rayu. Har wa yau ECMO shi ne abin da ake fara ɗaukowa idan zuciyar yaro ta tsaya ba zato, domin ana iya haɗa shi cikin gaggawa, kuma yana ɗauke aikin zuciya da na huhu gaba ɗaya. Illarsa ita ce ba ya jure dogon zama. Yaro yana kwance ne a ɗakin kulawa ta musamman, galibi an sa shi barci, jininsa yana gogar faɗin roba mai yawa. Bayan mako biyu ko uku sai zubar jini da ciwon ƙoda da ƙwayoyin cuta su fara rinjaye. Jiran zuciyar dashe kuwa watanni yake ɗauka.

Manya sun riga sun sami famfo mai dogon zango. Michael DeBakey ya taimaki ɗakin hagu na wata mace da famfo har kwana goma a Hostan a 1966, ta kuma tashi. A 1982 aka sa wa Barney Clark zuciyar roba ɗungum a Jihar Yuta, ya yi kwana 112. Yara ne aka bari a baya, kuma dalili biyu ne. Na farko kasuwa: manya masu gazawar zuciya miliyoyi ne, yaran da ke bukatar famfo kuwa 'yan ɗaruruwa ne a shekara ko a babbar ƙasa, ba kamfanin da zai yi ɗokin zuba dukiyarsa a kansu. Na biyu girma. Zuciyar jariri ba ta wuce dunƙulen hannunsa ba, jinin jikinsa duka bai fi cikin kofin shayi ɗaya ba, watau kimanin mililita 250 ga mai nauyin kilo 3. Ba a rage girman famfon manya kurum a ce an gama, domin idan hanya ta ƙuntata, jini ko dai ya yi gudu har ƙwayoyinsa su farfashe, ko ya yi jinkiri har ya daskare.

Famfon Balin

Wanda ya fara cike wannan giɓi shi ne famfon da ake kira Berlin Heart EXCOR. A 1990 Roland Hetzer ya riƙe wani yaro mai shekara takwas da irin na manya a Cibiyar Zuciya ta Jamus da ke Balin har aka yi masa dashe, a 1992 kuma aka fito da ƙanana domin yara. Aikinsa kamar na zugazugin maƙeri ne. Wani ɗan ƙoƙo ne na roba mai haske, ana ganin cikinsa, an raba shi biyu da tantani mai ruɓi uku: gefe ɗaya jini, gefe ɗaya iska. Wani inji a gefen gado yana hura iska ya danna tantanin, jini ya fita. Ya zuƙe iskar, jini ya shigo. Akwai ƙyaure a mashiga da mafita don kada jinin ya koma baya. Ƙoƙon yana waje ne, a kwance a kan cikin yaro, tiyo biyu suna ratsa fata: ɗaya yana ɗebo jini daga ƙasan ɗakin hagu, ɗaya yana mai da shi cikin babbar jijiya. Mafi ƙanƙanta yana ɗaukar mililita 10, watau cikin ƙaramin cokali biyu, mafi girma 80. Idan ɓangaren dama ma ya gaza, sai a sa biyu.

A Amurka an yi shekaru, tun daga 2000, ana neman izini na musamman a kan kowane yaro ɗaya, sa'an nan a ɗauko famfon a jirgin sama daga Jamus. Sai a Disamba 2011 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta ƙasar ta amince da shi, bisa wani gwaji da aka yi a kan yara 48, aka buga sakamakonsa a 2012. Kusan tara cikin goma sun kai ga dashe ko warkewa, alhali irinsu da aka riƙe da ECMO a baya, rabinsu ba su wuce kwana 10 zuwa 13 ba. Wannan nasara ce babba, amma da tsada ta zo: yara 14 daga cikin 48 sun sami shanyewar wani sashen jiki, kusan rabi sun yi zubar jini mai tsanani, fiye da rabi kuma ƙwayoyin cuta sun shige su.

Tushen wannan wahala ɗabi'ar jini ce. Da zarar ya taɓa abin da ba jijiya ba, sai ya ɗauka rauni ne, ya fara daskarewa. Ɗan gudan jini wanda bai kai ƙwayar gero ba, idan ya ɓalle daga ƙyauren famfo ya bi babbar jijiya, yana iya toshe hanya a ƙwaƙwalwa. Dole a ba yaro maganin tsinka jini. Idan an rage, guda ya fito, idan an ƙara, jini ya zuba. Jikin jariri kuma bai gama haɗa sinadaran daskarar da jini irin na manya ba, saboda haka awon da ya dace yau ba lalle ya dace gobe ba. Shi ya sa ma'aikatan jinya suke haska ƙoƙon da tocila sau da yawa a yini, suna neman fari ko baƙin ɗigo, in ya girma a sauya famfon. Tun daga 2017 asibitocin yara na Amurka ta Arewa suka haɗa kai a wata ƙungiya mai suna ACTION, suka daidaita yadda ake kula da matsin jini da ba da magani, da yawansu suka koma ga maganin bivalirudin a madadin heparin, shanyewar jiki kuwa ta ragu ƙwarai. Abin lura a nan shi ne ba a sake ƙirar famfon ba. Tsarin jinya ne aka gyara.

Famfo mai juyawa

Yaran da suka ɗan tasa, daga kimanin kilo 20 ko 30 zuwa sama, suna iya samun irin na manya wanda ake binnewa a cikin ƙirji. Wannan ba ya bugawa. Aikinsa irin na injin ban-ruwa ne da ake gani a fadama: farfela tana juyawa, tana zuƙo ruwa ta tsakiya, tana watsa shi ta gefe. A cikin HeartMate 3, wanda nauyinsa kimanin giram 200 ne, farfelar tana shawagi ne a cikin jini bisa ƙarfin maganaɗisu, ba ta gogar komai, tana juyawa wajen sau dubu biyar a minti. An amince da shi domin manya a Amurka a 2017, domin yara kuma a 2020. Waya ɗaya ce take fitowa ta fatar ciki zuwa na'urar sarrafawa da batura biyu da ake ratayawa. Da wannan yaro yana iya komawa gida, har ya je makaranta. Sai dai ba ya iyo, ba ya rabuwa da batir, kuma wanda ya taɓa wuyan hannunsa sau da yawa ba zai ji bugun jini ba, abin da ke firgita ma'aikacin lafiyar da ba a sanar da shi ba. Wani famfo mafi ƙanƙanta, HeartWare, wanda likitocin yara suka fi amfani da shi a dā, an daina sayar da shi a Yuni 2021, wannan kuwa ya rage zaɓin da ƙananan yara suke da shi.

Ina gadar ta nufa

Likitoci suna kiran famfon gada, kuma sunan ya dace, domin gada ba wurin zama ba ce. Wani lokaci tana kaiwa ga warkewa. Alal misali, akwai jariran da jijiyar da ke ciyar da naman ɗakin hagu take fitowa daga jijiyar huhu a maimakon babbar jijiya. Idan an mai da ita wurinta, zuciyar da ta jigata takan bukaci hutun 'yan kwanaki a kan famfo, sa'an nan ta farfaɗo a cire shi. Mafi yawan lokaci kuwa dashe ake jira. Zuciyar dashe ga jariri dole ta fito daga wani jariri ko ƙaramin yaro da ya rasu, iyayensa suka yarda a cikin makoki; irin wannan ba ta da yawa a ko'ina. Mai nakasar haihuwa kuma ya fi kowa daɗewa a layi, domin ƙarin jini da facin naman wani da aka sha yi masa sun sa jikinsa ya ƙera makaman ƙin baƙon nama, har zukata da yawa ba za su zauna masa ba.

Wannan batu yana da muhimmanci ga masu tsara harkar lafiya a wannan yanki. An yi fiɗar buɗe zuciya ta farko a Nijeriya ranar 1 ga Fabrairu 1974 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Inugu, tare da Magdi Yacoub, Gana kuma ta kafa cibiyarta ta fiɗar zuciya a Korle Bu a 1989. Amma dashen zuciya bai zama aikin yau da kullum a asibitocin Afirka ta Yamma ba. Famfo mai dogon zango a inda babu dashe, babu tsayayyiyar wutar lantarki, babu ɗakin awon jini mai aiki dare da rana, gada ce da aka gina rabinta aka tsaya a tsakiyar kogi. Kuɗin famfo ɗaya ya isa a gano kuma a rufe hujin yara masu yawa tun zuciyarsu ba ta gaji ba.

Inda gini ya saɓa wa famfo

Akwai wani abu game da gwajin yara 48 da aka ambata: waɗanda ke da ɗakuna biyu masu aiki kaɗai aka ɗauka. Masu nakasa mai tsanani ba su shiga ba, kuma su ne suka fi wahalar da famfo.

Ko ɗan huji da ya rage a bango yana iya ɓata lissafi. Famfo yana zuƙar jini daga hagu, matsin wannan ɓangare ya faɗi, sai jinin dama wanda bai je huhu ba ya tsallako ta hujin, a buga shi cikin jiki ba oksijin. Leɓe da harshe da farce su yi shuɗi. Ƙirjin da aka buɗe sau uku ko huɗu kuma ya manne da tabo, buɗe shi kaɗai aikin sa'o'i ne. Wasu zuciyarsu a dama take, wasu jijiyoyinsu sun bi hanyar da ba a zana tiyon domin ta ba.

Akwai waɗanda aka haifa da manyan jijiyoyi biyu a juye, babbar jijiya tana fitowa daga dama, ta huhu daga hagu. Kafin gyaran da Adib Jatene ya fara a Barazil a 1975 ya yaɗu, watau mai da kowace jijiya wurinta, ana bin hanyar Senning ko ta Mustard ne, a karkatar da jini a cikin zauruka. Yaro ya rayu, amma ɗakin dama mai siririn bango shi aka bar wa nauyin jiki duka. Waɗannan yara yanzu sun haura shekara talatin da arba'in, ɗakin kuma yana gajiya. Ana sa musu famfon manya a ɗakin dama, sai dai cikinsa cike yake da igiyoyin nama, dole likita ya yanke su, in ba haka ba su toshe bakin famfo.

Mafi wuya duka su ne masu ɗaki ɗaya tak mai aiki. Ana yi musu gyara hawa uku: na farko a makonnin haihuwa, na biyu wajen wata huɗu zuwa shida, na uku tsakanin shekara biyu da huɗu. Na ukun shi ne aikin da Francis Fontan ya fara a Bordo ta Faransa a 1968. Ma'anarsa ita ce a haɗa manyan jijiyoyin da ke dawo da jini kai tsaye da jijiyar huhu, jini ya gangara huhu ba tare da mai tura shi ba, ɗakin da ke akwai ya ji da jiki kawai. Wani bincike da aka buga a 2014 ya duba yara 281 da aka sa wa famfon Balin a Amurka ta Arewa; 26 masu ɗaki ɗaya ne, 11 kaɗai suka tsira, alhali a cikin masu ɗaki biyu kusan uku cikin huɗu ne. Daga cikin jarirai 9 da aka sa wa famfon bayan hawa na farko, 8 sun mutu. Dalili kuwa a wannan hawa jinin huhu da na jiki daga maɓuɓɓuga ɗaya suke, famfo ɗaya ne zai ciyar da duka biyu, saboda haka wanda aka zaɓa bisa nauyin jariri ya yi masa kaɗan. Daga baya likitoci suka koyi sa famfo mai juyawa a wajen jiki, ko babban ƙoƙo, sakamakon kuma ya ɗan gyaru.

Mai tsarin Fontan kuwa gazawarsa iri biyu ce. Idan naman ɗakinsa ne ya raunana, famfon manya yana yi masa amfani sosai. Amma sau da yawa ɗakin yana bugawa lafiya, matsalar a baya take: jini ya taru a ƙofar huhu kamar ruwa a bayan madatsa, hanta ta kumbura ta yi tauri, ciki ya tara ruwa, hanji ya riƙa zubar da sinadarin gina jiki. Famfon da aka sa a ɗaki ba ya warware wannan, domin ba nan cikas yake ba. Abin da ake bukata shi ne famfo a gurbin ɗakin daman da babu. A 2008 René Prêtre da abokan aikinsa a Zurik suka ba da labarin wani saurayi da suka raba wa mahaɗar jijiyoyin, suka sa famfon Balin a tsakani, ya kai ga dashe bayan fiye da shekara guda. Amma aiki ne babba, ba kowane majiyyaci zai iya ɗaukarsa ba. Mark Rodefeld na Jami'ar Indiyana ya daɗe yana aiki a kan wata ƙaramar farfela da za a sa a daidai mararrabar da jijiyoyi huɗu suka haɗu, ta zuƙo daga sama da ƙasa, ta tura dama da hagu. Sharuɗɗanta sun saɓa wa na duk famfon da ke kasuwa. Ƙarfin da ake so daga gare ta kaɗan ne ƙwarai, domin in ya yi yawa huhu zai cika da ruwa, jijiyoyin da take zuƙa daga gare su kuma masu laushi ne, sai su lanƙwashe su manne. Dole ta yi aiki shekaru masu yawa a jikin da ke girma. Dole kuma, ranar da ta tsaya, jini ya iya wucewa ta gefenta, tun da mai tsarin Fontan ba shi da wata hanya zuwa huhu sai wannan.